Waƙa a bakin mai ita: bashin da tsofaffin waƙoƙi ke bin mai saurare

A ƙasar Amurka akwai gidajen rediyo waɗanda ba su da wani aiki, dare da rana, sai sanya waƙoƙin shekarun 1950 da 1960. Masu saurarensu, waɗanda akasarinsu furfura ta riga ta kama, suna kiran wancan lokaci “zamanin zinariya”, domin a cikinsa ne kiɗan rok ya tashi, kuma a cikinsa ne muryoyin su Elvis Presley da Ray Charles da Chuck Berry da Little Richard suka ƙetare teku suka game duniya. Mu ma nan irin wannan bege ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda dattijo kan yi tsit, ya ajiye kofin shayi, in rediyo ta sako Narambaɗa ko Ɗan Gurmu, ya san tsohuwar waƙa ba a kunne take tsayawa ba. Tana maido wa mutum ƙuruciyarsa, da waɗanda ya rasa, da garin da ya sani kafin ya canja.

Sai dai akwai wata tambaya da begen baya ba ya son a yi masa. Idan waƙa ta yi maka daɗi shekara da shekaru, alhali wanda ya ƙago ta ya mutu bai ci moriyarta ba, ko ma an kankare sunansa daga kanta, shin akwai wani abu a wuyanka, kai mai saurare, da ba ka taɓa ganinsa ba balle ka cuce shi? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna. Kuma tun da ba a shari'a sai da shaidu, bari mu fara da abin da ya faru.

Zakin da ya ƙetare teku

A shekarar 1939, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, wani ɗan ƙabilar Zulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo tare da abokan waƙarsa, waɗanda ake kira Evening Birds. Linda mutumin karkara ne da ya shigo birni neman abinci, kuma bai iya karatu da rubutu ba. Waƙar da suka rera ran nan sunanta “Mbube”, wato zaki a harshensu. Maza masu kaurin murya ke riƙe da amshi, shi kuma yana hawa samansu da wata siririyar murya. Faifan ya karɓu ƙwarai da gaske: cikin shekara 10 an sayar da kimanin guda 100,000, har sunan waƙar ya zama sunan wani salon waƙa sukutum. Abin da Linda ya karɓa a kan haƙƙinta sule 10 ne, rabin fam ke nan. Ya kuma ci gaba da aikin ƙarfi a ma'ajiyar kamfanin, yana shirya faya-fayai cikin kwali.

Daga nan faifan ya kai Amurka, ya faɗa hannun mawaƙi Pete Seeger. Kunnensa bai kama kalmar Zulu daidai ba, sai ya rera abin da ya ji, shi da ƙungiyarsa ta Weavers, suka kira waƙar “Wimoweh”, ta yi kasuwa a 1952. Sunan da aka rubuta a matsayin mai waƙar shi ne Paul Campbell, mutumin da uwa ba ta taɓa haifa ba. Sunan bogi ne da ake liƙa wa waƙoƙin da aka ɗauka ba su da mai su, don kuɗinsu su sami aljihun shiga. A 1961 aka sa wa karin kalmomin Ingilishi, wasu samari da ake kira Tokens suka rera shi da sunan “The Lion Sleeps Tonight”, ya hau kan gaba a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Shekara guda bayan haka Henri Salvador ya mai da shi Faransanci, kuma ta wannan hanya ce “Le lion est mort ce soir” ta iso kunnuwan ƴan makaranta a ƙasashenmu.

A wannan shekara ta 1962 ce Linda ya rasu cikin talauci. Sai da iyalinsa suka yi shekara 18 kafin su sami kuɗin kafa dutse a kan kabarinsa. Waƙar kuwa ba ta daina haihuwa ba: a 1994 ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney. Sai a 2000 wani ɗan jarida na Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya tono labarin a mujallar Rolling Stone, inda ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara kimanin dalar Amurka miliyan 15. A 2004 aka shigar da ƙara da sunan magada, bisa wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 wadda ke maido haƙƙi ga magadan mai fasaha shekara 25 bayan mutuwarsa. A watan Fabrairu na 2006 aka sasanta: aka biya ƴaƴansa, aka kuma amince a rubuta sunan Linda cikin masu waƙar. Shekara 67 ke nan bayan ya buɗe baki ya rera ta.

Kura da shan bugu

Da labarin Linda shi kaɗai ne, da sai mu ce tsautsayi ne. Amma a cikin Amurka kanta, ƴan'uwansa baƙar fata sun sha irin wannan, kowa da kalar tasa.

Waƙar farko da Elvis Presley ya fitar a faifai, a birnin Memphis a 1954, ita ce “That's All Right”. Mai ita Arthur Crudup ne, wanda ya rera ta tun 1946. Ba a ɓoye sunansa ba, yana nan a kan faifan, kuma Elvis da bakinsa ya yaba masa. Amma kuɗin da ya kamata su biyo sunan sun maƙale a hannun masu buga waƙa. Crudup ya koma aikin gona, ya rasu a 1974 yana jiran haƙƙinsa. Shi an ba shi suna, an hana shi kuɗi.

Chuck Berry kuwa, da faifansa na farko, “Maybellene”, ya fito a kamfanin Chess na birnin Shikago a 1955, sai ya tarar da sunayen mutum biyu kusa da nasa, alhali ko wasali ba su sa a waƙar ba. Ɗayansu Alan Freed ne, shahararren mai sanya faifai a rediyo. An ba shi kaso ne a matsayin toshiyar baki, don ya riƙa sanya waƙar. Berry bai karɓo sunansa shi kaɗai ba sai a 1986.

Little Richard ya sayar da haƙƙin “Tutti Frutti” a 1955 a kan dala 50, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Yarjejeniyarsa ta ba shi rabin santi a kowane faifai, wato sai an sayar da 200 kafin ya ga dala guda. Daɗin daɗawa, a wancan zamani na wariyar launin fata, gidajen rediyo da yawa ba sa son sanya muryar baƙin mutum. Saboda haka da waƙa ta fara tashe sai a nemo farar fata ya sake rera ta a tausashe. Haka Pat Boone ya rera “Tutti Frutti”, tasa ta wuce ta mai ita a jerin kasuwa. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera “Hound Dog” ta riƙe kan gaba mako 7 a jerin waƙoƙin baƙar fata a 1953, ta ce dala 500 kacal ta gani. Shekara 3 bayan haka Elvis ya sayar da miliyoyi da ita.

Akwai kuma dabarar da ta fi waɗannan zurfi. Kamfani kan lissafa kuɗin ɗakin ɗaukar murya da na makaɗa da na tafiye-tafiye a matsayin bashi a kan mawaƙi, ta yadda kome yawan cinikin faifansa, littafin lissafi zai nuna shi ake bi. Ruth Brown ta ɗaga kamfanin Atlantic a shekarun 1950 har ana yi masa kirari da gidan da Ruth ta gina. Daga baya sai ga ta tana aikatau a gidajen mutane tana tuƙa motar ƴan makaranta. Ta yi shekaru tana fafutuka kafin, a 1988, kamfanin ya yarda ya sake lissafin tsofaffin mawaƙansa, ya kuma ba da kuɗin kafa gidauniyar tallafa musu. Masu iya magana sun riga sun taƙaita wannan babi duka: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjojin gardi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da hujjoji uku, kuma babu ta banza a cikinsu.

Hujja ta farko ita ce, kiɗa da aro yake rayuwa. Wannan gaskiya ce. Chuck Berry da kansa ya gina “Maybellene” a kan wani tsohon kari na fararen ƙauye mai suna “Ida Red”. “Hound Dog” ba Thornton ce ta tsara ta ba, wasu samari biyu farar fata ne, Jerry Leiber da Mike Stoller, suna da shekara 19. Linda ma bai faɗo daga sama ba, a cikin waƙoƙin bukin Zulu da na majami'a ya tashi. Wanda duk ya ce a hana aro, ya ce a kashe waƙa. Amma Bahaushe ya san bambancin aro da ɗauka. Mai aron riga ya san mai ita, in an tambaye shi ya faɗa, in an gama biki ya mayar da godiya. Ranar da ya ce rigar tasa ce, ko ya ce a bakin hanya ya tsince ta, ran nan ta tashi daga aro ta koma wani abu mai wani suna. Laifin da aka yi wa Linda ba rera waƙarsa ba ne. Ƙirƙiro Paul Campbell shi ne laifin.

Hujja ta biyu ita ce, sun sa hannu da kansu, babu wanda ya ɗaure su. Nan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa kotuna suka daɗe ba su ga abin kamawa ba. Sai dai a tambaya: mece ce yarda? Mutumin da bai iya karanta takardar da aka miƙa masa ba, ba shi da lauya, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya ƙi wannan, kuma dokar ƙasarsa ba ta ɗauke shi daidai da mai miƙo takardar ba, shin hannun da ya sa yarda ce ko sallamawa? Manomin da ya sayar da hatsinsa tun yana gona, a tsakiyar damina, don yaransa ba su ci ba, shi ma ya yarda. Amma babu wanda ke kiran mai sayen mutumin kirki. Ciniki yana iya tsayawa a gaban alƙali ya faɗi a gaban zuciya. Doka ita ce ƙaramin ma'auni na abin da mutum ke bin ɗan'uwansa, ba ita ce babba ba.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Ba don kamfanin da ya zuba kuɗinsa ba, ba don Seeger da Elvis da Salvador ba, da waɗannan waƙoƙi sun mutu a unguwannin da aka haife su, da mu ma ba mu san su ba. Haka ne, kuma mai ɗaukar kaya zuwa kasuwa ya cancanci ladansa. Ba kowane kamfani ne ya ci riba ba, da yawa sun karye. Amma ladan dillali daban, kuɗin kaya daban, kuma ba a taɓa jin dillali ya zama mai saniya don shi ya kai ta kara ba. Hasali ma an gwada an gani cewa ana iya yin cinikin ta wata hanya: a 1959 Ray Charles ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ABC wadda ta bar masa mallakar ainihin muryoyin da ya ɗauka, Sam Cooke kuma ya kafa kamfaninsa na kansa. Kasuwa ba ta rushe ba. Ke nan abin da aka yi wa sauran ba larura ba ce, zaɓi ne.

Bashi biyu

In mun lura da kyau, labaran nan suna nuna bashi iri biyu, kuma kuskure ne a cakuɗa su. Akwai bashin kuɗi, akwai bashin suna.

Bashin kuɗi yana da ma'auni. Ana iya lissafa shi, a kai shi kotu, a sasanta, a biya magada. Faransawa na ba da labarin wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, wanda a 1847 ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na Paris, yana cewa ai su ma suna rera waƙoƙinsa ba su biya shi ba. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma daga wannan rigima ce aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851, mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Irin wannan aiki ne aka ɗora wa hukumar BNDA a nan Nijar.

Bashin suna kuwa wani abu ne daban. Dokar Faransa ta 11 ga Maris 1957 ta bambanta su sarai: mai fasaha yana iya sayar da amfanin aikinsa, amma haƙƙin a ambaci sunansa a kan aikin ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, ba ya tsufa. Me ya sa? Domin cewa “wane ne ya yi wannan” ba dukiya ba ce, labari ne na abin da ya faru. Ana sayar da gona, amma ba a sayar da cewa wane ne ya sare dajinta. Wanda ya sayi wannan, ƙarya ya saya. Saboda haka kankare sunan mawaƙi cuta biyu ce a haɗe: an cuci shi, an kuma yi wa duk mai saurare ƙarya.

A nan ne ya dace mu waiwayi gida, domin al'adarmu ta san darajar suna fiye da kowace. Me makaɗin Hausa ke sayarwa in ba suna ba? Sarki ko attajiri ko ɗan dambe yakan ba da doki, ko riga, ko mota, ko kujerar Makka, shi kuma makaɗi ya ba shi abin da kuɗi ba sa ajiyewa. Dawakin da Sarkin Gobir na Isa ya ba Narambaɗa sun daɗe da zama ƙasa, amma sunan sarkin yana bakin mutanen da ba su taɓa taka Isa ba. Da yawanmu ba don Ɗan Anace ba da ba mu san an yi wani ɗan dambe Shago ba. Haka Ma'azu Ɗan Alalo ya yi wa fadar Damagaram, haka Shata ya yi wa direbobi da ƴan kasuwa. Makaɗi kan ambaci kansa a cikin waƙarsa, ya ambaci wanda ya koya masa. Marubutan waƙoƙin ajami kuma kan rufe da sunansu da na garinsu. A wannan tsari mawaƙi shi ne mai rabon suna. Abin da kasuwar faifai ta yi shi ne ta juya tsarin a kife: ta karɓe wa mai rabon suna nasa sunan.

Kuma a lura da makamin da aka yi aikin da shi. Ba a ce Linda bai iya waƙa ba. Cewa aka yi waƙar “ta gargajiya” ce, wato ta kowa, wato ba ta kowa ba. Wannan kalma mai kama da girmamawa ta sha zama abin gogewa. Idan Bature ya ƙago kari, sai a ce fasahar wane. Idan ɗan Afirka ya ƙago, sai a ce al'adar ƙabila kaza, kamar dai waƙa tsiro ce da ke fitowa da kanta bayan ruwan sama. Alhali kuwa babu waƙar da ƙabila ta taɓa ƙagowa. Kullum wani ne, a wata rana, ya buɗe baki ya fara.

Laifi tudu ne

Da mun tsaya nan da mun ji daɗi, domin laifin na wasu ne, a wata ƙasa, a wani zamani. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu da muke alfahari da manyan makaɗan fada, mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunan mutum biyu daga ƴan amshin Narambaɗa ko na Ɗan Ƙwairo? Alhali duk mai kunne ya san a irin wannan kiɗa ƴan amshi ba maimaitawa kaɗai suke yi ba. Suna karɓe ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, wani lokaci su yi ƙari da nasu. Rabin daɗin daga gare su yake, amma sun tafi ba suna. Haka matan da suka ƙago waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa, waɗanda mawaƙan zamani ke ɗiba su sa musu fiyano su kira su nasu: su ma “gargajiya” muka ce, muka wuce.

Sa'an nan ga batun kuɗi. Tun zamanin kaset, a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana kwafar muryoyin mawaƙa ana sayarwa, mai kwafa ya ci, mai saye ya more, mai murya bai sani ba. Da kaset ya wuce sai aka koma loda waƙoƙi ɗari-ɗari a waya, yawancinsu ba ko sunan mai su, balle shekarar da aka yi su. A tsohon tsari makaɗi na karɓar ladansa nan take a fili, hannu da hannu, domin sai yana wurin ake jin waƙarsa. Na'ura ta raba murya da mai ita, ta sa ana iya jin mutum ba tare da an gan shi ba, balle a ji kunyarsa. Mun karɓi na'urar hannu bibbiyu, amma ba mu ƙago wata sabuwar hanyar yin kari da za ta maye gurbin tsohuwar ba. Bambancinmu da kamfanonin Amurka a girman riba yake, ba a irin aikin ba.

Abin da ke wuyan mai saurare

To, mu koma ga tambayarmu. Shin sai mu daina sauraren waɗannan waƙoƙi, tun da an gina su a kan cuta? Ko kusa. Wanda ya toshe kunne ga “Mbube” bai ƙara wa Linda kome ba, ya dai sake binne shi. Daɗin da waƙa ke yi maka ba laifi ba ne, domin shi ne abin da mai ita ya nufa tun farko. Mai saurare bai ci sule 10 ɗin kowa ba, kuma ba a ɗora wa mutum laifin da aka yi kafin a haife shi.

Amma rashin laifi ba ya nufin rashin bashi. Wanda ya gaji gida bai yi laifin kome ba, duk da haka in ya tarar da amanar wani a ciki, mayar da ita ta hau kansa daga ranar da ya sani. Bashin kuɗi mafi yawansa yana kan kamfanoni da hukumomi, namu a ciki shi ne mu daina ɗaukar waƙar mai rai ko ta marayunsa kamar ruwan gulbi. Bashin suna kuwa kanmu yake kai tsaye, domin suna ba a banki yake zaune ba, a bakin mutane yake. Kotu ta iya tilasta a rubuta Solomon Linda a kan takarda, amma ba ta iya sa a san shi. Wannan sai mu. Kuma shi ne bashi ɗaya tilo da matalauci ke iya biya daidai da mai kuɗi.

Pete Seeger ya bar misali a nan. Da ya gane waƙar tana da mai ita, ya aika wa Linda dala 1,000, ya nemi a riƙa tura masa kasonsa, ya kuma yi ta faɗin sunansa a bainar jama'a. Kuɗin da suka isa ga iyalin ba su taka kara sun karya ba, amma sunan ya isa, kuma ya taimaka wa masu tono gaskiya daga baya.

Mu malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, wannan aiki ya fi kusa da hannunmu. Malamin da ke hana ɗalibi kwafar aikin ɗan'uwansa, bai kamata ya koyar da waƙa a aji ya ce “ta gargajiya ce” ya yi shiru ba, in dai ana iya sanin mai ita. Mai gabatar da shiri a rediyo ba zai rasa daƙiƙa 10 na faɗin wanda ya rera da wanda ya ƙago ba. Ƙasarmu ta yi abin kirki da ta sa wa gasar kiɗa sunan Ɗan Gurmu, ta sa wa cibiyar koyon kiɗa ta Yamai sunan Alhaji Taya. Saura waɗanda ba su kai ga allon suna ba. A garuruwanmu akwai sauran tsofaffin da suka yi amshi, ko suka riƙe kalangu da kotso a bayan manyan makaɗa, akwai tsofaffin mata da suka san wadda ta fara wace waƙa a wace unguwa. Ƙungiyar da ta ɗauki littafi da na'urar ɗaukar murya ta je ta zauna da su, ta rubuta wa ya yi me, a ina, yaushe, ta yi aikin da babu kotun da za ta iya yin sa bayan sun kau.

An ce tuna baya shi ne roƙo. Begen tsofaffin waƙoƙi halal ne, amma begen da ke tuna kari ya manta mai karin, kansa kawai yake bege. In har wancan zamani na zinariya ne, to, akwai waɗanda suka shiga rami suka haƙo ta, kuma suna da sunaye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan kuwa mai ita ya riga mu gidan gaskiya, mafi ƙarancin abin da ya rage masa a wurinmu shi ne, duk lokacin da waƙarsa ta fito daga bakinmu, sunansa ya biyo ta.